Kada Ka Bar Lamba Babu Suna

Yelwa, Mubi.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kun sauka lafiya, an kuma ba ka ɗakin kwana mai ƙofar da ke rufuwa. Allah ya tsare ka a tafiya da dawowa, ya kare ka daga abin da aka binne a hanya da abin da ke laɓe a daji. Babanka yana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Ka ga ban raka ka tasha ba. Na ce ƙafa ce, kuma ƙafar ta yi ciwo, amma ba ita ta zaunar da ni ba. Tsoro ne. Tun ranar da ka shigo da takardar ɗaukar aiki, ka ce za a tura ku zuba maganin rijiyoyi a garuruwan da ke arewa da mu, can wajen iyakar Borno inda mutane suka fara komawa, abinci bai ƙara yi mini daɗi ba. Babanka ya ce mu bar wa Allah. Na bar masa. Hanya ba a hannuna take ba, yaran daji ba a hannuna suke ba. Abin da na sani a duniya shi ne rijiya da garin kulorin da jadawalin kwamfuta, don a kansu na tsufa ina aikin duba-gari. To a kansu zan yi maka magana, ka yi haƙuri da tsawonta.

Ana jibi za ka tafi ka buɗe mini kwamfutarka a tsakar gida, kana nuna mini jadawalin da ka haɗa na lissafin magani. Ya yi kyau, har da launi-launi. Na danna akwati guda, na ga fomula cike da lambobi tsirara, babu mai suna ko ɗaya. Na tambaye ka wannan ta mene ce, ka yi dariya ka ce, "Mama, bar shi kawai, babu wanda ya gane wannan sai ni." Kai alfahari kake yi. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, don na taɓa faɗin wannan magana da bakina, na kuma ga inda ta kai. Mutumin da shi kaɗai ya gane aikinsa, ranar da aka ce a gudu, ko dai ya tsaya saboda aikin, ko ya tafi ya bar mutane da abin da zai cuce su. Duka biyun nake ji maka.

Na koyi kwamfuta da girmana, lokacin kana firamare. Aka kawo ta ofis aka ajiye, kowa yana kewaye ta kamar kunama, ni da rawar kai na ce zan iya. Aikin ba wuya: a auna faɗin rijiya da zurfin ruwanta, a san lita nawa ke ciki, sannan a fitar da nauyin garin da za a zuba, gwargwadon ƙarfin da aka rubuta a jikin duron da garin ke zuwa a ciki. Sai na riƙa buga lambar ƙarfin nan da hannuna cikin kowace fomula. Shafin Yelwa na buga, na Nassarawo na buga, na ƙauyen Duvu na buga. Ina jin kaina.

Sai aka kawo sabon duro, garinsa ya fi na da ƙarfi sosai. Na zauna na bi fomulolin ina gyarawa, na gama na cikin gari, aka kira ni wani abu, na dawo na ɗauka na gama duka. Shafin Duvu yana nan da tsohuwar lamba. Abokin aikina Vandi, mutumin tsaunukan Michika, wanda ka sani, shi ya ɗauki awon ya hau babur ya je ya zuba yadda takarda ta ce. Maganin ya yi yawa. Da muka koma duba su, muka tarar da rijiyoyin an rufe su da ƙaya, mata suna tahowa daga mayo, wato rafi, da tuluna a ka. Wata tsohuwa ta tare ni, ta ce, "Kai ne mai magani? Ruwa naka yana warin asibiti. Ko akuya bai sha ba." Ruwan mayon nan kuwa shanu na shiga, yara na wanka, komai na ciki. Mun je hana cuta, muka kora su wurinta da hannunmu. Daminar nan gaba ɗaya ba su ƙara barin mu kusa da rijiya ba.

Saboda haka, Abba, lambar da za ta yi aiki a wuri fiye da ɗaya, a wuri ɗaya za ka rubuta ta. Ka ware mata akwati a saman shafin farko inda ido zai fara sauka, ka danna shi, ka je ɗan gurbin nan na sama ta hagu inda adireshin akwati ke fitowa, ka rubuta suna, ka danna Enta. Shi ke nan. Daga nan duk fomular da ke bukatarta da suna za ta kira ta, ko a wane shafi take. Ranar da duro ya canza, akwati ɗaya za ka taɓa, duk rijiyoyi su gyaru tare. Na san za ka yi murmushi ka ce yau ga matar da ba ta taɓa kiran sunanka na yanka ba tana koya maka raɗin suna. Kai ɗan fari ne, kunya ta hana. Lamba ba 'yar farin kowa ba ce, ka kira ta kai tsaye.

Bayan abin Duvu na yi rabin hankali. Na sa lambobin a akwatunansu, amma ban ba su suna ba, da adireshi nake kiran su. Na rubuta =E4*B2 a rijiya ta farko, na kama gefen akwatin na ja ƙasa don sauran su samu. Ban lura ba ashe B2 ma tana bin sawu, ta koma B3, ta koma B4, akwatunan da babu komai a ciki. Vandi ya ɗauki takardar da aka buga, ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Hajiya, kwamfuta naka ya ce rijiya ɗaya ne kawai yana da datti a Mubi. Sauran duka sifili." Muka yi dariya har da hawaye. Amma da na koma gida na tuna cewa da sabon ma'aikaci ne mai tsoron tambaya, da haka zai tafi, sai na daina dariya. Za ka ce ai akwai alamar dala da ke ɗaure adireshi. Na santa tun kana wasan ƙasa. Tana ɗaure lamba kada ta zame, amma ba ta faɗa wa kowa wace lamba ce aka ɗaure. Suna yana yin duka biyun. Dubi wannan: =LitarRuwa*AwonLita/KarfinKulorin. Ko wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, in ya iya karatu, ya san abin da ake nufi, in ka yi kuskure ma zai iya kama ka.

Haka za ka yi wa jeri guda, ba akwati ɗaya kaɗai ba. Ka zaɓi layin da litocin rijiyoyi suke daga sama har ƙasa, ka kira shi LitarRuwa. Sai dai ka kula, sunan yana tsayawa ne inda ka tsayar da shi. In an haƙa sabuwar rijiya ka liƙa ta a ƙarƙashin ta ƙarshe, tana iya zama a waje, jimla ta fito ba da ita ba. Ka cusa sabon layi a tsakiya, ko ka koma ka faɗaɗa iyakar sunan. Wannan ma na sha shi, muka je ƙauye magani ya ƙare mana saura rijiyar makaranta.

Yanzu ga wanda ya sa na ɗauki biro. Ka san wani ɓangarensa, amma lokacin kana makaranta a Yola, ba ka ga yadda aka yi ba.

Da na ƙware, sai wayo ya shige ni. Muna da wani shugaba mai son taɓe-taɓe, in ya zauna gaban kwamfuta sai ya goge wani abu. Na gano cewa ana iya ƙirƙirar suna a ba shi lamba kai tsaye a can cikin jerin sunayen da kwamfuta ke ajiyewa, ba tare da akwati ba, ba a ganinta a kowane shafi. Sai na ɗauke ƙarfin kulorin daga saman shafi na kai shi can, na kira shi K. Harafi ɗaya tak. Na ce na huta da mai taɓe-taɓe. Gaskiyar magana kuma, ina jin daɗin yadda in sabon duro ya zo sai an aiko keke napep har gida an ɗauke ni. Vandi ya taɓa cewa in nuna masa, na ce, "Bari, wata rana." Ina ganin kullum ina nan.

Sai ranar gudu ta zo, ranar da yaran daji suka shigo Mubi. Da hantsi ne, ina wanke shinkafa, muka ji harbi ta wajen bariki, kafin mu ankara titi ya cika da mutane kowa da yaro a kafaɗa. Ban ko waiwayi ofis ba. Muka bi daji da ƙafa har Kamaru, daga baya aka kwaso mu zuwa Yola, ƙafafuna sun kumbura kamar turmi, na yi watanni ban taka ba. Har yau in tukunya ta faɗi a kicin sai na nemi bango na dafa.

Vandi ya riga ni komowa. Filashin da jadawalin ke ciki yana aljihunsa tun ranar, da shi ya hau dutse da shi ya sauko. Ya tarar da gari yadda ka ji ana faɗa. Rijiyoyi sun daɗe a buɗe, wasu an jefa abin da ba zan rubuta ba. Mutane suna dawowa, ga damina ta matso. A sito an kwashe komai, har ƙwayoyin da muke gwada ruwa da su bayan an zuba magani, amma an bar duron kulorin, murfinsa a karkace. Ka san halin garin nan, in ya sha zafi da iska ƙarfinsa guduwa yake yi. Vandi ya shinshina ya san ya yi sanyi. Ya samu aron kwamfuta, ya buɗe jadawalina don ya rage lambar ƙarfin, awon ya ƙaru. Ya ga K a cikin fomula. Ya bi shafi-shafi, akwati-akwati, bai ga inda K take zaune ba. Layin waya bai dawo ba balle ya kira ni. Sai ya ɗauki awon da jadawalin ya bayar, na gari mai cikakken ƙarfi, ya ɗan ƙara da ka. Kaɗan ya ƙara, don yana tuna Duvu, yana tsoron kada wari ya kora mutane mayo. Ya bi Nassarawo gida-gida ya zuba, ya ce musu ruwa ya gyaru.

Da ruwan sama ya sauka, cutar amai da gudawa ta shiga unguwar. Ba zan ce maka maganinmu ne ya jawo ba, don lokacin masai sun cika sun fashe, ƙuda ko'ina, mutane a galabaice. Allah kaɗai ya san ta inda ta shiga. Amma ni na san awon da aka zuba bai kai ba, na kuma san dalili.

Da na dawo, na je gaisuwa gidan wani tela da muka saba, sun rasa 'yarsu ƙarama, mai shekarun shiga makaranta. Uwar ta shimfiɗa mini tabarma, ta shiga ta ɗebo ruwa a kofin silba ta durƙusa ta miƙo mini. Ta ga na tsaya ina kallon kofin, sai ta ce, "Sha, Hajiya, kar ki ji komai. Rijiyarmu an sa mata magani, mutanenku ne ma suka zo." Abba, ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, ko a daji da harbi a bayanmu. Na sha. Me zan ce mata?

Vandi bai taɓa ɗora mini laifi ba. Da muka haɗu a ofis na buɗe jerin sunaye na nuna masa K, ga ta nan zaune da tsohuwar lambarta. Ya ce, "Ashe nan ne. Na nema, Hajiya. Wallahi na nema." Ya fita waje. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, balle wanen uwarka ce.

To ka saurara. Lambobi iri biyu ne, kada ka haɗa su. Akwai wadda ba ta canzawa har tashin duniya, kamar yawan litar da ke cikin mita ɗaya ta faɗi da tsawo da zurfi. Irin wannan in ka so ka ba ta suna ka ajiye ta a cikin jerin sunaye, babu wanda zai taɓa bukatar gyara ta. Akwai kuma wadda take kama da tsayayya alhali tana tafiya a hankali: ƙarfin gari, awon da likitoci suka ce a zuba a lita, girman cokalin da kuke awo da shi. Duk abin da rana ko sabon duro ko sabon umarni zai iya canzawa, a fili za ka ajiye shi, a akwati mai launi, da sunansa a gefe, da bayanin inda ka samo shi da ranar da ka duba shi. In kana tsoron mai taɓe-taɓe, ka kulle sauran akwatunan ka bar wannan a buɗe. Kada ka yi irin tawa, garin gyaran gira na rasa ido.

Sunan kuma ya zama suna. Ban da K, ban da X, ban da Lamba2. Ka sa ma'auni a cikinsa, a san lita ce ko giram, don wanda zai gaje ka kada ya zuba bokiti inda kake nufin lita. Kwamfuta ba ta karɓar suna mai tazara a tsakiya, sai ka haɗe kalmomin kowace da babban harafi. Ba ta karɓar wanda ya yi kama da adireshin akwati. Ka bar haruffanmu masu lanƙwasa, don ba kowace kwamfuta za a samu yadda za a buga su ba, ranar aro kuwa ba a zaɓe. Kuma da harshen da abokan aikinka suke ji za ka rubuta. In Turanci ya fi haɗa ku, yi da shi, ba gasar Hausa aka tura ka ba. In ka goge wani layi, ka leƙa jerin sunaye ka tabbata babu wanda ya rasa gidansa. Bayan duk wannan, ka gwada ruwan. Jadawali bai taɓa leƙa rijiya ba, abin da ka faɗa masa shi yake maimaita maka. Ƙwayoyin gwaji su zauna a aljihunka, ba a sito ba.

Kada ka ce sai an natsu za ka gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma inda kake babu wanda ake yi wa sallama kafin ranar ta zo. A makon nan, ka zauna ka raɗa wa kowace lamba suna. In ka gama, ka kira wanda ya fi kowa rashin sabo da kwamfuta a cikinku, ka zaunar da shi, ka ce masa an kawo sabon duro, ya gyara. Kai kuma ka fita waje, ka kama bakinka. In ya leƙo yana kiranka, aikinka bai yi ba, koma ka sake. In ya gama shi kaɗai, ka zuba jadawalin a filashi biyu ko uku ka raba wa mutane daban-daban. Na san halinka, za ka ji kamar ka rage wa kanka daraja. Ka bari ta ragu.

Ka san me ya sa nake ta wannan dogon zance? Don na san ɗan da na haifa. In aka yi harbi kana bakin rijiya, kwamfuta tana masauki, kuma ka san duk lissafin ruwan garin a kanka yake kai kaɗai, komawa za ka yi. Za ka ce minti biyu ne. A hanyar Kamaru na ga matan da suke jiran waɗanda suka koma ɗauko abu na minti biyu. Ina so ranar, in Allah ya ƙaddara ta, ka tuna cewa aikin yana aljihun mutum uku, kowannensu zai iya buɗe shi ya karanta ya zuba daidai, babu yaron da zai sha ruwan banza don ba ka nan. Sai ka juya ka bi mutane, hannunka babu komai, kada ka waiwaya.

Yau ga ni, uwa, ina koya wa ɗana yadda zai shirya aikinsa ya ci gaba ko ba shi. Sau biyu ina ajiye biron nan kafin in iya rubuta wannan. Amma gara a can su iya yi ba kai. Mu nan gidan ne ba za mu iya ba.

Ka riƙe salla a kan lokaci, ka yi azkar safe da yamma. Kada ka hau motar farko da za ta fita da safe, kada ka taka gefen hanya inda ba sawun mutane. Ka girmama sojoji a shinge ko sun ɓata maka rai. In ka samu layi ka kira, ko gaisuwa ce kawai ka kashe, kada ka ce sai kana da labari.

Allah ya yi maka albarka, ya sa ruwan da zai bi ta hannunka ya zama lafiya ga duk wanda ya sha. Allah ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Na ba shi ajiyarka, shi da ajiya ba ta ɓata a wurinsa. Ya dawo mini da kai da ƙafafunka.

Wassalam.

Mahaifiyarka.